Babbar Kotun Tarayya, ta Jiha, ko Kotun Ma'aikata: Ina Ya Kamata Ka Kai Ƙararka?

Mutum na iya riƙe gaskiyarsa a hannu, ga shaidu, ga takardu cif, ya sha zirga-zirgar kotu shekara da shekaru har ya yi nasara, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe komai da magana ɗaya: kotun da ta saurari ƙarar ba ta da hurumi. Ba za a ce ya yi ƙarya ba, ba kuma za a ce ba a cuce shi ba. Ƙofar da ya bi ce kawai ba tasa ba. A Najeriya kotuna uku masu daraja ɗaya ne aka fi rikitawa: Babbar Kotun Tarayya, Babbar Kotun Jiha (a Abuja takwararta ita ce Babbar Kotun Birnin Tarayya), da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Babu wadda take sama da wata a cikinsu, kuma ɗaukaka ƙara daga dukkansu wuri ɗaya take zuwa. Kalmar "tarayya" tana sa mutane su ɗauka waccan ta fi ƙarfi, alhali ita ce ma aka ƙayyade wa abin da za ta taɓa.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne hurumi, kuma shi ba a yin ciniki a kansa. Ko ɓangarorin biyu sun yarda a yi shari'ar a wata kotu, yardarsu ba ta ba kotun ikon da kundin tsarin mulki bai ba ta ba. Ana iya tayar da maganar a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, ko da ba wanda ya ambace ta a ƙasa. Abin da alƙali ke dubawa kuwa shi ne takardar mai ƙara: me ya ce an yi masa, me kuma yake roƙon kotu ta ba shi. Ba a duba amsar wanda ake ƙara.

Idan hurumi ya bar maka zaɓi, sai a dubi sauran huɗu: kuɗin da shari'ar za ta ci, sauƙin kaiwa ga kotun da bin matakanta, ƙarkon hukuncin idan aka ɗaukaka ƙara, da abin da zai same ka idan ka yi kuskuren ƙofa.

Babbar Kotun Tarayya

Asalinta kotun kuɗin shiga ce. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ta a 1973 da doka mai lamba 13, don shari'o'in haraji, kwastan da kuɗaɗen gwamnatin tarayya, ta fara da shugaba, Mai Shari'a S. O. Lambo, da alƙalai huɗu. Kundin 1979 ne ya ba ta sunan da take amsawa yau. Amma a wancan kundin an ba kotunan jihohi hurumi marar iyaka, har Kotun Ƙoli ta ce a 1987, a shari'ar bankin Savannah da kamfanin jiragen ruwa na Pan Atlantic, kotun jiha ma tana iya sauraron abin da ake ganin na kotun tarayya ne. Sojoji ne suka sauya lissafin da doka mai lamba 107 ta 1993, suka keɓe mata jerin batutuwa ita kaɗai, kuma wannan jerin ne ya zama sashe na 251 na kundin 1999. Wanda ya san wannan tarihin ba zai yi mamakin ganin tsofaffin hukunce-hukunce suna cin karo da sababbi ba: dokar ce ta canza a ƙarƙashinsu.

Abin da sashe na 251 ya keɓe mata ya haɗa da kuɗin shigar gwamnatin tarayya, harajin kamfanoni, kwastan, harkar bankuna da Babban Banki da musayar kuɗin waje, tafiyar da kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha da tambarin kasuwanci, jiragen ruwa, jiragen sama, zama ɗan ƙasa da fasfo da biza, karyewar kamfani, makamai, ƙwayoyi da guba, ma'adinai da man fetur, da ma'auni. Sai sakin layi uku da suka fi haifar da gardama, masu magana a kan gudanar da gwamnatin tarayya da hukumominta da ƙalubalantar matakan da suka ɗauka. A aikace, ɗan kasuwar da kwastan suka kama wa tirelar kaya, furodusan da aka saci fim ɗinsa ana sayarwa, masu hannun jari da suka saɓa a kan wane ne darakta, da fasinjan da jirgi ya ɓatar wa kaya tsakanin Jidda da Kano, duk nan za su zo. Na ƙarshen nan ya kula: yarjejeniyar Montreal da Najeriya ta shigar cikin dokar sufurin samanta shekara 2 kawai ta ba shi ya shigar da ƙara.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗaukar cewa duk ƙarar da ke da hukumar tarayya a ciki ta nan ce. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a shari'ar NEPA da Edegbero ya ƙarfafa wannan fahimta na ɗan lokaci. Amma a 2005, a shari'ar Onuorah da matatar mai ta Kaduna, kotun ta ce saɓa alkawarin ciniki zalla ba ya cikin jerin, ko da kuwa hukumar tarayya ce ta saɓa. A 2010, a shari'ar Adetayo da Ademola, ta faɗi haka a kan rikicin fili. Don haka abu biyu ake dubawa tare, wanda ake ƙara da kuma batun. Ɗan kwangilar da ya kai wa wata ma'aikatar tarayya kujeru aka hana shi kuɗinsa, kotun jiha ce tasa.

Alƙalanta Shugaban Ƙasa ke naɗa su bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, NJC, kuma sai lauya ya shekara 10 da zama lauya kafin ya cancanta. Babban alƙalin kotun kaɗai ne sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi. Mai Shari'a Rosaline Ukeje ce mace ta farko da ta riƙe wannan kujera, daga 2001. Bayanta an yi irin su Ibrahim Auta da Adamu Abdu-Kafarati, sannan John Tsoho ya karɓa a 2019. Gyaran dokar kotun na 2013 ya ɗaga adadin alƙalai daga 70 zuwa 100, gyaran kundi na 2023 kuma ya mayar da shekarun ritayarsu 70. Alƙali ɗaya ke zama a kan kowace ƙara.

Abin da ya shafi mai ƙara kai tsaye a nan shi ne sauyin wurin aiki. Kotun guda ce a duk ƙasar, rassa kawai take da su, don haka alƙalin da ke Kano bana yana iya komawa Kalaba baɗi. Idan aka ɗauke shi bayan an fara jin shaidu, ba a kuma ba shi izinin dawowa ya ƙarasa ba, sabon alƙali daga farko zai soma. Ƙarin girma ya fi wannan tsanani. A 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu a cikinta, saboda alƙalin ya riga ya zama na Kotun Ɗaukaka Ƙara lokacin da ya dawo ya yanke hukunci.

Ta fuskar kuɗi, rajistara ne ke lissafa kuɗin shigar da ƙara gwargwadon abin da ake nema da yawan takardu, a biya ta Remita. Wannan ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin yana wajen lauya, don harkar kamfani ko jirgin ruwa ko haraji ba kowane lauya ke yin ta ba, sai kuma kuɗin mota da masauki. A yawancin jihohi reshe ɗaya ne, a babban birni. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada da ke da ƙara a reshen Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, kowane zama tafiya ce, shi da shaidunsa, kuma yana iya isa a ce masa an ɗage. A dogon hutun shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, 'yan rassa kaɗan irin su Abuja da Legas da Fatakwal ne ke zama don abin gaggawa.

Tana da wata kariya mai daraja. Sashe na 22 na dokarta ya ce idan aka kawo mata ƙarar da ta kamaci kotun jiha, kada ta kore ta, ta miƙa ta can.

Babbar Kotun Jiha

Ita ce kotun kowa da kowa. Sashe na 272 ya ba ta duk wata ƙara da ta shafi haƙƙi ko bashi ko alhaki, in ban da abin da aka keɓe wa wata kotu. Saboda haka tambayar da ake yi a kanta ita ce "an cire mata wannan?" Idan ba a cire ba, nata ne. Fili mai takardar gwamna nata ne bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma tun hukuncin Adisa da Oyinwola na 2000 an tabbatar tana iya sauraron rikicin filin karkara ma. Haka ciniki da kwangila, ɓata suna, diyyar haɗarin mota, rikicin sarauta, raba auren da aka ɗaura a rajista, da galibin ƙarar da ake yi da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma.

Gwamna ke naɗa alƙalanta bisa shawarar NJC, sharaɗin shekara 10 ɗin nan dai, babban alƙali kuma sai majalisar jiha ta amince. A Kano, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ce mace ta farko da aka tabbatar a wannan muƙami, a 2023. Alƙalan jiha ba sa barin jiharsu, don haka ko an sauya wa alƙali kotu, dawo da shi ya ƙarasa ya fi sauƙi. Ana yawan cewa kada a kai ƙarar gwamna gaban alƙalin da gwamna ya rantsar. Tsoron yana da dalilinsa, amma ba ya ƙirƙirar hurumi. Wanda ya gudu kotun tarayya don wannan kawai, umarnin wucin gadi zai iya samu ya yi murna da shi, daga baya ya rasa duka.

Rikicin sarauta ne ya fi nuna haka, kuma Arewa ta gani sau biyu. Lokacin da gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur a 1986, Sarkin ya je Babbar Kotun Tarayya da sunan an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce gundarin maganar sarauta ce, haƙƙin ɗan Adam rataye yake a jikinta, don haka kotun jiha ce ke da ita. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan sawun a rikicin masarautar Kano, ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a kai, aka wuce zuwa Kotun Ƙoli.

Kuɗin shiga ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kowace da jadawalinta. Lauyoyin da suka saba da ita sun fi yawa, rassanta kuma sun fi kusa da jama'a, don jihohi da dama suna da kotu a manyan garuruwa bayan babban birni. Matsalarta cunkoso: alƙalin da zai ji ƙarar filinka shi ne ke jin shari'ar kisa da fashi. Akwai kuma tarko ɗaya na takarda. Idan wanda kake ƙara yana wata jiha, Dokar Sammaci da Zartar da Hukunci ta tarayya ta ce sai an rubuta a jikin sammacin cewa a wajen jihar za a kai shi, a kuma ba shi aƙalla kwana 30 ya amsa. An sha rasa ƙara a kan wannan layi guda.

Haɗarinta mafi girma shi ne kishiyar kariyar da kotun tarayya ke da ita. A shari'ar Fasakin Foods da Shosanya ta 2006, Kotun Ƙoli ta ce kotun jiha ba za ta dogara da dokar kotun tarayya ta miƙa mata ƙara ba. In dokokin jihar ba su ba ta wannan ikon ba, sai dai ta kori ƙarar ka je ka sake sabuwa. Hukuncin Sifax da Migfo na 2018 ya sassauta, da ya ce lokacin da aka ɓata a kotun da ba ta dace ba ba ya shiga lissafin wa'adin shigar da ƙara. Amma kuɗin da ka kashe da shaidun da suka watse ba sa dawowa.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa

An kafa ta a 1976 don rikicin ƙungiyoyin ƙwadago, ta daɗe ana gardamar matsayinta, har gyaran kundi na uku da aka sa wa hannu a 2011 ya daidaita ta da sauran biyun, ya ba ta sashe na 254C. Tun daga nan duk abin da ya shafi aiki da ɗaukar ma'aikaci nata ne ita kaɗai: kora, albashi, fansho, giratuti, yajin aiki, rauni a wurin aiki, cin zarafi a ofis. Ba ruwanta da ko mai ɗaukar aikin gwamnatin tarayya ce, ko jiha, ko shagon mutum ɗaya. Malamin jami'ar tarayya da aka kora nan zai zo, ɗalibin da jami'ar ta kora kuwa kotun tarayya zai je. Da Edegbero, ma'aikacin NEPA da aka sallama daga aiki, zai shigar da ƙararsa yau, nan za a turo shi.

Mai Shari'a Benedict Kanyip ne ya karɓi shugabancinta a 2019 daga Babatunde Adejumo. Bayan shekara 10 na lauyanci, ana buƙatar alƙalinta ya san harkar ƙwadago. Dokarta ta 2006 ta ba ta damar sassauta ƙa'idojin shaida idan adalci ya buƙaci haka, tana da sashen sulhu, tana kuma duba yadda ake yi a duniya wajen auna korar da ba ta dace ba. Ita ma tana iya miƙa ƙara ga kotun da ta dace. Rassanta ba su kai na sauran yawa ba. Hukuncinta kuwa ya fi saurin tsayawa, don a shari'ar da ba ta laifi ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce tashar ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli. Tun shari'ar bankin Skye da Iwu ta 2017, ana iya ɗaukaka kowane hukuncinta, sai dai yawanci sai an nemi izini tukuna.

| Ma'auni | Kotun Tarayya | Kotun Jiha | Kotun Ma'aikata |
|---|---|---|---|
| Tushen hurumi | Sashe na 251, jeri ƙayyadadde | Sashe na 272, duk abin da ba a cire ba | Sashe na 254C, aiki da ƙwadago |
| Mai naɗa alƙali | Shugaban Ƙasa | Gwamna | Shugaban Ƙasa |
| Kuɗi | Ya fi yawa: lauya ƙwararre da tafiya | Matsakaici, jadawalin jiha | Matsakaici, tafiya na iya ƙara shi |
| Kusanci | Yawanci babban birni | Ta fi kusa | Rassa kaɗan |
| Idan ka yi kuskure | Tana miƙa ƙarar | Tana iya korar ƙarar | Tana miƙa ƙarar |
| Ƙarshen ɗaukaka ƙara | Kotun Ƙoli | Kotun Ƙoli | Kotun Ɗaukaka Ƙara, in ba laifi ba |

Inda zaɓin yake na gaske

Wurare biyu ne kawai mai ƙara ke da zaɓi sosai. Na farko rikicin mutum da bankinsa. Kundin ya cire shi daga abin da aka keɓe wa kotun tarayya, kuma a 2004, a shari'ar NDIC da Okem, Kotun Ƙoli ta ce kotunan biyu duk suna iya ji. Idan cire kuɗi ne ba bisa ƙa'ida ba, ko gardamar ruwan bashi, musamman in akwai gidan da aka jinginar, kotun jiha ta fi, don ita ce za ta iya taɓa maganar gidan. Idan maganar ta haɗa da umarnin Babban Banki, ko an naɗa wanda zai karɓe ragamar kamfaninka saboda bashi, kotun tarayya.

Na biyu kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 46. Ƙa'idojin 2009 sun sauƙaƙa shi: da takardar rantsuwa ake yi ba sai an kira shaidu ba, babu wa'adin da ke kashe ƙarar, wani ma na iya shigarwa a madadin wanda ke tsare. Hukuncin Grace Jack na 2004 ya ce kotunan biyu na da hurumi, na Adetona na 2011 kuma ya ɗaure kowace da irin batutuwanta. Hanyar da ba ta faɗuwa ko wanne aka bi ita ce a bi asalin rigimar. Wanda 'yan sanda suka tsare a kan bashin kasuwa, kotun jiha. Wanda NDLEA ko kwastan ko hukumar shige da fice ta tsare, kotun tarayya, a reshen jihar da abin ya faru.

A shari'ar laifi babu zaɓi ga wanda ake tuhuma. Ta'addanci, safarar ƙwaya, halasta kuɗin haram da cin amanar ƙasa na kotun tarayya ne, EFCC kuma dokarta ta ba ta damar gurfanarwa a kowace daga cikin biyun gwargwadon laifin.

Akwai abubuwan da ke kashe ƙara ko a wace kotu. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta bayar a ƙalubalanci abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa, kuma ko da yake an cire mata fili da kwangila, ma'aikacin da aka kora kada ya jira ya gwada sa'arsa. Hukumomi da yawa dokarsu ta ce sai an ba su takardar gargaɗi, galibi wata ɗaya, kafin a maka su. Takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan kansa matacciya ce tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007, don haka ka duba ƙasan takardarka da idonka, ka ga suna da hatimin ƙungiyar lauyoyi. Bayan hukunci, wata 3 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kwana 14 in ƙaramin hukunci ne na tsakiyar shari'a. Cin nasara a kan gwamnati kuma ba shi ne karɓar kuɗi ba: kama kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar.

Wa ya kamata ya je ina

Mai rikicin fili, gida, bashin ciniki, kwangila ko sarauta ya tafi kotun jiha, ko wane ne abokin shari'arsa. In bashin ƙarami ne ya fara tambayar kotun majistare, don Legas da Kano da wasu jihohi suna da sashen ƙananan basussuka mai sauri. Gado, aure, saki da wasiyya tsakanin Musulmi na kotun shari'ar Musulunci ne, ba ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Mai rikici da kwastan, harajin kamfani, fasfo, lasisin haƙar ma'adinai, tambarin kaya ko shugabancin kamfani, kotun tarayya. Haka wanda ke son a soke wani mataki da hukumar tarayya ta ɗauka da ikonta na hukuma. Ɗan takarar da aka yi wa ba daidai ba a zaɓen fid da gwani, Dokar Zaɓe ta 2022 ta tura shi nan, kuma kundi kwana 14 kacal ya ba shi daga ranar da abin ya faru.

Duk wanda maganarsa ta taso daga aiki, daga masinja har darakta, Kotun Ma'aikata, ko da ya rubuta ta da sunan rashin ba shi damar kare kansa.

Wanda ƙararsa ta haɗa abu biyu, a ce fili da hannun jarin kamfani, ya zauna da lauyansa su fitar da babbar buƙata, wadda in ta faɗi sauran sun faɗi, su bi kotun da ke da ita. In buƙatun biyu kowace na tsaye da ƙafarta, a raba su ƙara biyu. In kuma bayan duk wannan lauyan ya ce maganar tana kan iyaka tsakanin tarayya da jiha, kotun tarayya ce ta fi ƙarancin asara, saboda in ta ga ba nata ba ne za ta aika fayil ɗin inda ya dace, ba sai an sake shigar da sabuwar ƙara ba.